Ga bashi a wuyana, ga gida na gani a Dambuwa: in kama gidan ko in biya mutane?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a ɓoye sunana. Ni magidanci ne nan Sakkwato, shekarata 38, mata ɗaya da ɗiya huɗu, muna haya a Mabera. A 2021 ina aiki da wani kamfani na ci bashin albashi a banki na zuba a shagon kayan masarufi, 2022 anka rage ma'aikata har da ni, shagon ma ya mutu, yanzu saura 640,000 bankin ke bi na. Cikin wahalar 2023 na faɗa cin bashin manhajojin waya guda uku, suna cewa kuɗɗinsu da tara ya kai 310,000. Akwai ɗan kasuwar da ya ba ni kaya na 400,000 ban biya ba, da abokina da ya tsaya mini a koparatif anka cire 250,000 daga albashinai, tun sannan ko gaisawa ba mu yi. Yanzu Allah ya ba ni aikin gwamnatin tarayya, albashi 150,000, kuma an sayar da gonar gado, rabona da ɗan abin da na tara ya kai 1,900,000, na aje su wurin yayana dan tsoron kar banki ya kwashe. Dillali ya nuna mini gida wajen Dambuwa miliyan 9, ya ce in ba da miliyan ɗaya da rabi kafin alƙalami, sauran in nemi rancen gida na NHF, asusun gidaje na ƙasa da ma'aikata ke zuba ma kuɗɗi daga albashi. Wani kuma ya ce in ba shi 60,000 ya goge sunana daga baƙin littafin BVN, in ba haka ba a nema da sunan matata. Wallahi na gaji da haya. Mi kake gani?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan wanda ya bar muku gonar, ya sa albarka cikin wanga sabon aiki.

Zan fara da abin da ba ka son ji, dan in na bar shi sai ƙarshe za ka karanta sauran ne zuciyarka na can Dambuwa. Kar ka ba da kafin alƙalamin nan. Ɗauko biro ka tara da kanka, 640,000 da 310,000 da 400,000 da 250,000, miliyan ɗaya da dubu ɗari shida kenan cif. Abin da ke hannun yayanka 1,900,000. Kenan naka na halak malak a ciki 300,000 ne, sauran duk kuɗɗin mutane ne ke kwana wurinku. Na san da zafi, mutum ya shekara da shekaru shina ganin wulaƙancin mai gida duk ƙarshen shekara, ga ƙarin kuɗɗin haya ga ɗiya na girma ɗaki ya yi musu kaɗan, sai ga kuɗɗi a dunƙule karon farko a rayuwa, dole ranka ya tafi ga gida. Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Amma lissafin ba ya canzawa dan mun gaji.

Lokacin da ba ka da aiki ba ka da shago, kana cikin waɗanda Allah ya ce a yi musu jinkiri har su samu sauƙi, aya ta 280 cikin Baƙara, kuma duk wanda ya matsa maka a lokacin shi ke da abin faɗi gaban Allah. Ranar da kuɗɗin gonar nan sunka shigo hannu matsayinka ya canza, ka koma cikin waɗanda Manzon Allah (SAW) ya ce jan ƙafar mai hali wurin biyan bashi zalunci ne. Ka san kuma an kawo gawar wani sahabi Annabi ya ƙi yi mata sallah saboda bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ba dan in tsorata ka na kawo wannan ba, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma wanda ya ci da niyyar biya Allah na taimakon shi. Ina so dai ka ga cewa yanzu taimakon ya zo, shi ne wagga miliyan ɗaya da dubu ɗari tara.

Ko mun aje maganar lahira gefe ma, ta fuskar duniya dabarar dillalin nan ba za ta kai ka ba. Rancen NHF ba a hannun dillali yake ba, ta bankin bada rancen gida ake bi zuwa FMBN, bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya, kuma abu na farko da za su yi bayan ka cike fom shi ne su sa BVN ɗinka su jawo tarihin bashinka. Suna ganin 640,000 da ba a biya ba tun 2022 magana ta tsaya nan. Ko mai tsabtataccen suna ma sai ya yi watanni shina sintiri kafin kuɗɗi su fito, to wane mai gida zai zauna jiranka? Ƙarshenta ya sayar ma wani, kai kuma ka koma bin shi bashin kafin alƙalaminka, yau ya ce gobe, gobe ya ce an kashe, dillali ya riga ya ci la'adar shi ya kashe waya. Ka rasa gida, ka rasa kuɗɗin gado, bashi kuma na nan inda yake har ya ƙaru.

Sai maganar mai 60,000. Ɗan damfara ne, kar ka ba shi ko sisi, kuma kar ka kuskura ka ba shi lambar BVN ɗinka ko lambar da ake turowa a waya, dan da su zai ci wani sabon bashi da sunanka. Babu wani baƙin littafi guda da ke aje a wani ofis wanda yaro zai shiga da kwamfuta ya goge. Yadda abin yake, akwai kamfanoni uku da babban bankin ƙasa, CBN, ya ba lasisin aje tarihin bashin mutane, CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, bankuna da ƙananan bankuna da wasu daga cikin manhajojin nan suna tura musu bayanin wanda ya ci bashi da yadda yake biya, shi kanshi CBN na da nashi rumbun da bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. BVN ɗin da anka fara a 2014 shi ke ɗaure duka da sunanka, ko ka canza layi ko ka canza banki. Wanda kawai ke iya sa a gyara abin da anka rubuta a kanka shi ne wanda ya tura bayanin, wato wanda ke bin ka, shi kuma ba ya gyarawa sai ka biya ko kuma ka nuna kuskure anka yi.

Ta sunan matarka kuwa, nan na fi jin tsoro. In ba ta da albashi ba ta zuba NHF ba za a ba ta ba ma tun farko, sai dai a ƙirƙiro takardun ƙarya, wannan kuma laifi ne da ke kai mutum kotu, kuma hannunta ne kan takardar ba naka ba. In ma tana da albashi, ka ɗauki sunan baiwar Allah da ba ta taɓa cin bashin kowa ba ka ɗora mishi nauyin shekara ashirin alhali kai naka bai warke ba, ranar da abu ya karkace an ɓata suna biyu a gida ɗaya, babu sauran wanda zai tsaya ma ɗiyanku. Abin da ya kamace ta daga gare ka shi ne gaskiya. Ban sani ba ko ta san adadin abin da ake bin ka, da yawanmu muna ɓoyewa dan kar a raina mu, amma ita ce za ta yi haƙurin ƙarin shekara ɗaya ko biyu a gidan haya, to a gaya mata dalili, ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan da na yi maka a sama. Macen da anka yi shawara da ita ta fi iya riƙe tattali bisa wadda anka bari tana zargin kuɗɗin gado sun bi iska.

To ta ina za a fara?

Ni dai da abokinka zan fara, mai 250,000. Shi ba ya cikin rahoton kowane kamfani, babu bankin da zai tambaye ka shi, shi ya sa ake barin irinsu ƙarshe, kuma shi ya sa nake son ka sa shi farko. Wanga bawan Allah ya sa hannu ya tsaya maka saboda yarda, anka dinga yankar albashinai wata bayan wata cikin shekarun da kowa ya san yadda abinci da mai sunka yi tsada bayan cire tallafi a 2023, abin da za a ci a gidanai ne anka biya bashinka da shi. Kar ka tura mishi a akawun kawai ya ga alat. Ka samu wani babba da ku duka kuke jin nauyi, limamin unguwa ko wani dattijo cikin abokan iyayenku, ku tafi har gida bayan la'asar ko bayan isha'i, ka ba shi kuɗɗinai cikakku ka ce ka yi kuskure ka nemi gafara, kar ka tsaya dogon bayanin yadda kamfani ya kore ka, ya sani. Mai yiwuwa ya karɓa fuska a ɗaure, kar ka damu, haƙƙinai ne. Kuma ka tuna 250,000 ta wancan lokaci ba ita ce ta yau ba, in daga baya ka samu hali ka kai mishi buhun shinkafa ko wani abin alheri da ba sharaɗi ba, Annabi ya ce mafi alherinku shi ne wanda ya fi kyautata biya. Haka ɗan kasuwar nan mai 400,000, ka je shagonai da ƙafarka, a buɗe littafi a duba, ka biya gaban shaidu biyu a soke. A garin nan in ɗan kasuwa guda ya ce wane ba ya biya, kafin sati maganar ta zaga daga Tsohuwar Kasuwa har babbar kasuwa, kuma gobe in ka tashi gini wurin irinsu za ka nemi siminti da kwano a ba ka kafin albashi.

Cikin wanga satin kuma, ba sai ka gama da su ba, ka nemi rahoton bashinka. Dokar da anka yi a 2017 kan wagga harka ta ba kowa damar karɓar rahotonai kyauta sau ɗaya a shekara, ana nema ta shafin kamfanonin a intanet da BVN. Ka nemi na duka ukun in da hali dan wani mai ba da bashi wuri ɗaya yake kai bayani, wani biyu. Ka zauna ka karanta layi layi, sunan wanda ke bin ka, nawa ka karɓa, nawa ya rage, tun yaushe. Akan samu bashin da mutum ya biya tuntuni ba a sauke ba, akan samu wanda bai ma san da shi ba. Akwai maki da suke ba mutum, na CRC daga 300 ne zuwa 850, naka zai fito ƙasa, kar ya tada maka hankali kuma kar ka maida shi abin dubawa kullum, abin da mai ba da rancen gida ya fi kallo shi ne akwai bashin da ke buɗe ba a biya ba ko babu.

Banki kuma, ka daina gudunsu. Ɓoye kuɗɗi wurin yaya ba mafita ba ne, ai albashinka ta akawun yake shigowa. Tun 1 ga Agusta 2020 CBN ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar in ka ƙi biya ya bi BVN ɗinka ya cire kuɗɗinai daga duk wani akawun naka a wani banki, matuƙar ka sa hannu kan wannan sharaɗi lokacin karɓar bashin, kuma mai cin bashi a 2021 da wuya a ce bai sa ba, cikin tarin takardun nan da muke sa ma hannu ba mu karanta ba yake. Cewa ba su taɓa ka ba har yau ba shi ke nuna sun manta ba. Amma ga abin da zai amfane ka: a ƙa'idar GSI uwar kuɗɗi da ruwan da ya taru kawai ake cirewa, ban da tarar jinkiri. Kenan tarar nan su kansu sun san ita ce mai sauƙin yafewa. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshen da ka ci bashin, ka nemi cikakken sitatimen na bashin wanda ya raba uwar kuɗɗi daban, ruwa daban, tara daban. Ka yi kwafi biyu su buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. In ya fito ka nemi ganin jami'in da ke kula da karɓo basussuka, ka gaya mishi gaskiya, aiki ka rasa, yanzu ka samu, kana son ka biya gaba ɗaya a rufe, a yafe maka tara a rage ruwa. Bashin da ya kwana shekaru sun riga sun sa shi cikin masu wuyar dawowa, mutum ya zo da kanai da kuɗɗi a hannu sukan saurare shi. Kar ka fara da faɗin nawa gare ka. Kuma duk abin da kunka daidaita a kai, kar ka biya ko naira sai sun ba ka shi a rubuce kan takardar banki, cewa in ka biya kaza kafin rana kaza an rufe bashin gaba ɗaya. Maganar baki ta ma'aikacin banki ba ta da amfani ranar da anka canza mishi wurin aiki.

Bayan ka biya, a akawun ɗin bashin ba hannun wani ba, sai ka nemi takardar shaidar cewa ba su bin ka komai. Wagga takarda ita ce kan gaba cikin duk abin da za ka tara, ka yi mata hoto a waya, ka yi kwafi, ka aje ta inda kake aje takardun makaranta. Cikin wasiƙar neman ta ka roƙi su sabunta bayaninka wurin kamfanonin nan da wurin CBN. Bayan wata biyu ka sake jawo rahoto ko da za ka biya ɗan kuɗɗi, ka tabbata an rubuta an biya. In ba a gyara ba ka kai ƙorafi a rubuce ga bankin da kamfanin da ya fitar da rahoton, in banki ya yi mako biyu bai warware ba kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. Mutane da yawa sun biya sun tafi abinsu, sai bayan shekara uku sun zo neman wani abu su tarar har yau sunansu na nan a matsayin masu taurin bashi, dan kawai ba wanda ya bi takarda.

Manhajoji su ne na ƙarshe, kuma su za ka fi ja da su. Na tabbata abin da ka karɓa a hannu bai kai rabin 310,000 ɗin nan ba. Ka duba sitatimen ɗinka na 2023 ka fitar da ainihin abin da kowace ta turo da abin da ka riga ka mayar. Ka rubuta musu ta imel ko cikin manhajar, ba ta kiran waya ba, ka ce ga uwar kuɗɗi kana shirye ka biya a rufe. Da yawansu sukan sauko sosai. Ka biya a akawun mai sunan kamfani, ban da na wani yaro da ya kira ka ya ce shi wakili ne, nan ma ana cutar mutane. Ka aje hoton rasit da saƙon da ke cewa an rufe. In sun taɓa tura ma mutanen wayarka saƙon ɓatanci ko sunka yi maka barazana, ka sani ba su da wannan hurumi, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sa musu ƙa'idar rajista tun 2022 kuma tana karɓar ƙorafi a kansu, Google ma ta hana irin waɗanga manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane tun 2023. Cin mutuncin da sunka yi maka bai sauke abin da ka karɓa ba, shi ma abin da ka karɓa bai halatta musu cin mutuncinka ba. In ka gama ka goge su duka daga wayar, har waɗanda ke turo maka saƙon taya murna wai an ƙara maka adadin da za ka iya ci.

Kar in ɓoye maka, biya ba ya goge tarihi. Rahoton zai ci gaba da nuna ka taɓa makara, shekaru ake aje bayanin. Abin da ke canzawa shi ne daga ba ya biya zuwa ya biya, sannan abin da ya biyo baya. Shi ya sa nake cewa ka ba kanka shekara guda cur bayan rufe bashi na ƙarshe kafin ka tunkari kowa da maganar rancen gida, in ta kai ɗaya da rabi ma ya fi. Cikin wannan lokaci sitatimen ɗinka ne zai yi maka magana. Albashi ya shiga akawun guda, kar ya zama ranar da ya shigo ranar ake kwashe shi tas, a ga ana barin wani abu, a ga duk wata kana tura adadi ɗaya zuwa ajiya. In kana adashe ka dinga zubi ta taransifa dan ya bar sawu. Kar ka ba kowa cak ɗin da babu kuɗɗi a bayanai. Kar ka tsaya ma kowa a bashi, ko ɗan uwanka ne, kai ka fi kowa sanin inda wannan ke kaiwa. Kar ka yi ta cike fom ɗin neman rance nan da can dan gwaji, duk wanda ya duba ka ana rubutawa. Za ka ji masu bidiyo na cewa ka karɓi katin bashi dan makinka ya hau, wannan tsarin Amurka ne inda komai nasu ke tafiya a kan maki, kai mai fitowa daga rami ba ka da buƙatar shi. In dai akwai abin da gidanka ke buƙata da gaske, misali sola saboda zafin Afrilu, kana iya ɗaukar shi ta murabaha a bankin da ba ya harka da ruwa, wato bankin ya saya ya sayar maka da ribar da kunka daidaita, ka biya cikin wata shida ba tare da makara ko ta kwana ɗaya ba, wannan zai shiga rahotonka a matsayin sabon shafi mai kyau. In babu buƙata kar ka ƙirƙiro ta.

Abin da ya rage bayan biyan kowa, 300,000 ko fiye in ragin ya samu, ba na gida ba ne. Na asibiti ne da ranar da albashi ya makara. Rashin irin shi ne ya kai ka hannun manhajoji a 2023.

Yanzu gidan kanshi. Duba takardar albashinka ka ga ko ana cire maka NHF, kashi 2.5 cikin 100 ne, dokar tun 1992 take, ka tabbata kana da lambarka ta NHF kuma abin da ake cirewa na isa, sai ka yi aƙalla wata shida kana zubi kafin ka cancanci nema. Ruwan shi kashi 6 ne a shekara, ana iya kai shekara 30, amma kai mai 38 ba za su wuce lokacin ritayarka ba, ka ƙaddara shekara 20 ko da ɗan ɗori. Kuma ba a yarda biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, naka kenan 50,000. A kan kashi 6 cikin shekara 20, 50,000 a wata abin da take ɗauka wajen miliyan 7 ne, kuma kafin ka gama ka biya wajen miliyan 12. Ka ga ko da sunanka fes yake, miliyan bakwai da rabi da dillali ke cewa ka nemo ta ɗan fi ƙarfin albashinka, ban da kuɗɗin lauya da na masu kimanta gida da inshora da la'ada. Sannan ka tambayi kanka da gaske, mutum shida za su rayu a 100,000 har shekara ashirin? Albashi zai ƙaru in sha Allah, kuɗɗin makaranta ma haka. Akwai wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba, tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta yarda mai asusun fansho ya ɗauki har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki ya biya kason shi na rancen gida, in ya yi zubin wata 60, to ka bincika ko kamfanin da ka baro ya zuba maka naka, a haɗe da na yanzu.

Maganar ruwa kuma ba zan tsallake ta ba dan na san tana ranka ko ba ka faɗa ba. Kashi 6 kaɗan ne in an gwada da na bankunan kasuwa da ke haura kashi 20, amma sunan shi ruwa, ka zauna da malamin da ka yarda da ilimi da tsoron Allah nai kafin ka sa hannu. Akwai bankunan da ba su harka da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, suna da tsarin murabaha da ijara, wato haya, sai dai su ma rahoton nan guda suke dubawa, kuma galibi wa'adinsu bai kai na NHF tsawo ba, biyan wata ya fi nauyi. Ni in ka tambaye ni abin da ya fi dacewa da mai albashi irin naka wanda bashi ya taɓa ƙonawa, hanyar iyayenmu ce, fuloti tukuna a inda ƙarfinka ya kai ko da bayan gari ne, a kewaye, a buga bulo kaɗan kaɗan, ɗaki biyu da bayi da rijiya ko tanki a shiga, sauran a yi ana ciki. Tana da jinkiri, kuma farashin siminti na iya tsere maka duk da a Kalambaina nan kusa da Sakkwato ake yin shi, amma in wata ya zo babu, ginin tsayawa kawai zai yi ya jira ka, ba mai zuwa ya liƙa takarda a ƙofa.

Duk wadda ka zaɓa, takarda kafin kuɗɗi. Gidaje da yawa a unguwanninmu takardar ciniki ce kawai da hannun mai unguwa, bankin rancen gida kuwa sai da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, ko wata takardar mallaka da gwamnati ta sani, kuma a dokar filaye ta 1978 canza hannu ko jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna. Ka je ma'aikatar filaye a bincika maka fayil, in gidan gado ne ka tabbata duk magada sun sa hannu har mata, kuma ka je ka ga wurin cikin Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, kai da ke Mabera ba sai an gaya maka dalili ba.

Dillali zai kira ka ya ce wani ya zo da kuɗɗi a hannu, yau ko gobe za a sayar. Ka ce mishi Allah ya sa alheri, ba ka shirya ba bana. In rahoton bashin ya fito ka ga abin da ba ka gane ba, ka rufe lambar BVN da ta akawun ka turo mini hoton mu duba tare, haka wasiƙar banki in kana son a gyara maka kafin ka kai. Allah ya rufa asiri, ya hore maka biya, ka gaida iyali.